Bindiga a hannun farar hula: abin da ya hana Amurka yanke shawara

 

Shugaban wannan zama, dattawa, alhazai ƴan kasuwa, ma'aikatan gomnati, malaman makaranta, ƴan'uwa maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ina kuma gode muku da kuka baro rumfunanku da ma'aikatunku domin sauraren wannan bayani.

Maganar da aka ɗora mini ita ce rigimar da ake yi a Amurka bisa mallakar bindiga, rigimar da ke tashi duk lokacin da wani ya shiga makaranta ko kasuwa ko wurin ibada ya yi harbin kan mai uwa da wabi. In irin wannan labari ya zo a rediyo, tambaya guda ce ke fitowa daga bakin kowa: ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, mi ya hana ta tsare ƴan yara cikin aji? Amsar da zan kawo muku ita ce, rigimar bindiga rigimar amana ce tsakanin ɗan ƙasa da hukuma. Inda mutum ya yarda hukuma za ta tsare shi, kuma ba za ta cuce shi ba, yakan aje makami. Inda wannan yarda ta yi rauni, ko gawa nawa aka jera masa, ƙara riƙe makamin yake yi.

Mu fara da lissafi, tunda ina gaban mutanen lissafi. Wata cibiyar bincike kan ƙananan makamai da ke birnin Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogi kusan miliyon 393 ne ke hannun farar hula a Amurka, wato bindiga 120 ga kowane mutum 100. Bindigogi sun fi mutane yawa ke nan. A 2021 hukumar kiwon lafiya ta ƙasar ta lissafa mutum 48,830 da harsashi ya kashe. Kashi 54 bisa ɗari daga cikinsu su suka harbe kansu, kashi 43 kuma wani ya harbe su. Waɗanda suka mutu cikin harbin kan mai uwa da wabi kaɗan ne ƙwarai cikin wannan adadi, amma su ne ke girgiza zukata, su ne kuma ke tayar da muhawara.

Ga wasu daga cikinsu. A watan Afrilu 1999, a makarantar Columbine, ɗalibai biyu suka kashe ƴan'uwansu 12 da malami guda. A 2007, a wata jami'a ta jahar Bajiniya, mutum 32. Ran 14 ga Disamba 2012, a makarantar firamare ta Sandy Hook, yara 20 ƴan shekara 6 da 7, tare da manya 6. A watan Oktoba 2017, a Las Begas, mutum guda daga tagar otel ya kashe 58 cikin dare ɗaya. A Fabrairu 2018, a Parkland ta jahar Fulorida, 17. A watan Mayu 2022 aka kashe baƙar fata 10 cikin wani kanti a garin Buffalo, bayan kwana goma kuma aka kashe yara 19 da malamai mata 2 a Uvalde ta jahar Taksas.

Tushen rigimar yana cikin tsarin mulki. A 1791 aka ƙara wa tsarin mulkin Amurka ayoyi goma, ta biyunsu ita ce ta makamai. Waɗanda suka rubuta ta ba su daɗe da gama yaƙin ƙwatar ƴanci da Ingila ba, kuma suna tsoron sarki da rundunarsa fiye da yadda suke tsoron ɓarawo. Ayar tana da gaɓa biyu. Ta fari ta ce ƙasa mai ƴanci tana bukatar rundunar jama'a mai tsari. Ta biyu ta ce kada a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa. Shekara da shekaru malaman shari'a na jayayya: haƙƙin na rundunar ne, ko na kowane mutum shi kaɗai? Sai a 2008 kotun ƙoli ta yanke, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa kowane mutum na da haƙƙin aje bindiga a gidansa domin kare kansa. A 2010 ta ce hukuncin ya hau kan jahohi da birane duka. A watan Yuni 2022 ta ƙara da cewa haƙƙin ya bi mutum har waje, ta soke wata dokar jahar Niyok da ta haura shekara ɗari. Gyaran tsarin mulkin kuwa sai da kashi biyu bisa uku na majalisu biyu, da amincewar jahohi 38 cikin 50. Wannan ƙofa a rufe take.

Adalci shi ne mu saurari masu riƙe da bindiga da kunnen basira, don ba mahaukata ba ne. Manomin da ke zaune cikin daji, tafiyar sa'a guda daga ofishin ƴan sanda, yana cewa kafin hukuma ta iso aikin gama ya gama. Maharbin da ya gaji bindiga daga kakansa yana cewa don mi za a hukunta shi da laifin wani. Suna cewa ɗan fashi ba ya neman takardar izini, saboda haka doka mai gaskiya kawai take ɗaurewa. Suna kawo misalin ƙasar Suwis, inda bindiga ke da yawa kisa kuwa ƙalilan, da misalin Norwai, inda doka ke da tsauri amma mutum guda ya kashe 77 a 2011. Suna tuna wa mutane cewa wanda ya yi ɓarnar Sandy Hook bindigogin mahaifiyarsa ya ɗauka, waɗanda ta saya bisa ƙa'ida, ita ya fara kashewa, don haka babu binciken mai saye da zai tare shi. A ƙarƙashin dukan waɗannan hujjoji akwai tsoro guda: in gomnati ta san wa ke da mi, wata rana za ta zo ta karɓe. Saboda wannan tsoro ne wata doka ta 1986 ta hana gomnatin tarayya buɗe rajistar masu bindiga. Ku ma'aikata ku duba wannan al'amari: ƙasar da ke da lissafin kowace mota ta haramta wa kanta lissafin bindiga.

Masu neman a tsaurara doka su ma da nasu hujjoji. Suna cewa mota ba a yi ta don kisa ba, amma ba ka tuƙa ta sai da jarrabawa da takarda da inshora, to ina ga abin da aka ƙera don kisa? Dokar Brady ta 1993 ta wajabta wa dillalai masu izini su binciki mai saye, ko ya taɓa babban laifi, ko kotu ta ce yana da taɓin hankali, amma ta bar ciniki tsakanin mutum da mutum a buɗe, kuma a jahohi da dama haka abin ya zauna. Suna cewa yaron Uvalde ƴan kwanaki bayan ya cika shekara 18 ya shiga kanti ya sayi bindigogi biyu masu ɗura wa kansu harsashi, bisa doka, alhali dokar ƙasar ba ta yarda a sayar masa da giya ba sai ya kai 21. Game da masu cewa maganin mugu mai bindiga shi ne mutumin kirki mai bindiga, sai su kawo rahoton majalisar dokokin Taksas ita kanta: jami'an tsaro 376 suka taru a makarantar Uvalde, kuma sai da aka yi minti 77 kafin a shiga ajin, yara na ciki suna kiran ƴan sanda ta waya. Sannan suna nuna waccan rabin da ba a cika magana a kai ba, masu kashe kansu. Wanda baƙin ciki ya rufe wa ido na sa'a guda, in babu bindiga kusa sau da yawa yakan tsira ya dawo hayyacinsa. In akwai ta cikin aljihun tebur, da wuya.

To, wa ya fi yawa? Binciken ra'ayin jama'a bayan Sandy Hook ya nuna fiye da kashi 80 bisa ɗari na Amurkawa, har da masu bindiga da yawa, sun yarda a binciki kowane mai saye. Shugaba Obama ya zubar da hawaye a gaban duniya. Sanatoci biyu, ɗaya daga kowace jam'iyya, dukansu abokan masu bindiga, suka kawo ƙudurin doka mai sauƙi. A watan Afrilu 2013 aka jefa ƙuri'a: 54 suka ce i, 46 suka ce a'a, kuma ƙudurin ya faɗi. A nan ne mai sauraro zai ce, ya aka yi masu rinjaye suka sha kaye?

Dalili na fari shi ne ginin majalisar dattawa. Kowace jaha sanata biyu gare ta, ko Kalifoniya ce mai mutum kusan miliyon 39, ko Wayomin da ba ta kai 600,000 ba. Jahohin karkara, inda bindiga take kamar fartanya a gidan manomi, suna da nauyin da ya wuce yawan mutanensu. Bisa al'adar majalisar kuma, ana bukatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a wuce ga zartar da doka.

Dalili na biyu shi ne tsari. Ƙungiyar masu bindiga ta ƙasa, NRA, an kafa ta a 1871 domin koyar da saiti. A babban taronta na 1977 masu zafin ra'ayi suka karɓe jagoranci, suka maida ta rundunar siyasa. Ana yawan maganar kuɗinta, amma babban ƙarfinta mutane ne. Tana ba ƴan takara maki kamar ƴan makaranta, magoya bayanta kuma suna fita zaɓen fidda gwani, suna zaɓe bisa wannan magana guda. Mutum takwas da suka yarda da abu amma ranar zaɓe tsadar abinci ce a ransu, mutum biyu da suka ƙi shi da dukan ƙarfinsu sun fi su tsoratar da ɗan siyasa. Da wannan tsari ne aka sa majalisa a 1996 ta ɗaure hannun hukumar kiwon lafiya wajen binciken mace-macen bindiga, ba a sake ware kuɗin binciken ba sai 2019. Da shi ne dokar 1994 da ta hana sayar da wasu bindigogi masu kama da na soja ta mutu a 2004 ba a sabunta ta ba. Da shi ne kuma aka yi dokar 2005 mai kare masana'antun bindiga daga yawancin ƙararraki.

Dalili na uku, wanda ya haifi sauran, shi ne rashin yarda. Bayan manyan harbe-harbe irin na Sandy Hook cinikin bindiga hauhawa ya yi. Wasu na saye don tsoron mugu, wasu don tsoron gomnati za ta hana saye. Jinin da ya kamata ya haɗa kan mutane sai ya ƙara raba su.

Yanzu mu dubi ƙasashen da suka yanke shawara, mu ga yadda suka yi. Ran 13 ga Maris 1996, a garin Dunblane na Birtaniya, wani ya kashe yara 16 da malamarsu. Iyaye da magoya bayansu suka tara sa hannun mutum wajen 750,000, kuma kafin ƙarshen 1997 aka haramta wa farar hula kusan kowace irin ƙaramar bindiga ta hannu. Ran 28 ga Afrilu 1996, a Port Arthur ta Ostareliya, aka kashe mutum 35. Firaminista John Howard bai cika wata biyu kan mulki ba, kuma manoma masu bindiga suna cikin waɗanda suka zaɓe shi. Cikin kwana 12 ya sa jahohi duka suka amince da yarjejeniya guda: rajista, takardar izini, dalili karɓaɓɓe kafin saye, da haramcin bindigogi masu saurin harbi. Ya tafi da kansa gaban taron masu bindiga da suka fusata, da rigar sulke ƙarƙashin kwat, ya yi musu bayani. Gomnati ta ƙara haraji na shekara guda, ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun masu su, ta lalata. Ran Juma'a 15 ga Maris 2019 kuma, a Christchurch ta Niyu Zilan, aka kashe masallata 51 cikin masallatai biyu. Kafin wata ya cika majalisa ta zartar da doka, ƙuri'a 119 da 1, gomnati ta sayi bindigogi sama da 50,000.

Abu uku suka haɗa waɗannan misalai. An daki ƙarfe da zafinsa. Shugabanni sun yarda su ɓata wa wasu magoya bayansu rai. An kuma girmama mai bindiga, aka biya shi kuɗin kayansa, ba a kira shi mai laifi ba. Amma kada mu yi wa doka kirarin da ya fi ƙarfinta. Masana na jayayya kan ko kashi nawa na raguwar kisa a Ostareliya dokar ce ta kawo, don raguwar ta soma tun kafin 1996. A Disamba 2025 ma an kashe mutum 15 a bakin tekun Bondi cikin birnin Sidni, a wurin wani bikin Yahudawa. Doka tana rage ɓarna, tana nesanta ta. Ba ta cire mugunta daga zuciyar ɗan Adam.

Amurka ita ma ta ɗan motsa. Bayan Parkland, ɗaliban makarantar suka fito kan tituna, jahar Fulorida ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21. Bayan Uvalde, sanatoci 65 suka amince da wata doka, shugaba Biden ya sa mata hannu ran 25 ga Yuni 2022. Ta ƙara bincike kan mai saye da bai kai 21 ba, ta ba jahohi kuɗin aiwatar da dokokin karɓe bindiga na ɗan lokaci daga wanda kotu ta ga alamar haɗari tare da shi, ta tsananta hukuncin fataucin makamai. Ba ta haramta ko bindiga guda ba, amma ita ce babbar dokar tarayya ta fari cikin kusan shekara 30. A ɗaya gefen kuma, kafin ƙarshen 2024 jahohi fiye da rabi sun soke wajabcin takardar izinin yawo da bindiga. Ƙasa guda, tana tafiya gabas da yamma a lokaci guda.

Ƴan'uwa, mai yiwuwa wani ya ce wannan rigimar Turawa ce, ina ruwan mutumin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa? Ku duba wannan dacewa. Cikin makon nan na Yuni 2022 da kotun ƙolin Amurka ta faɗaɗa haƙƙin ɗaukar bindiga, gomnatin jahar Zamfara, maƙwabciyarmu, ta kira jama'arta su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu daga ƴan fashin daji. Hukumomin tsaron tarayyar Najeriya ba su amince ba, amma muhawarar ta tsallako iyaka, don hujjar manomin Taksas ita ce hujjar manomin Madarunfa da Gidan Rumji da aka kore wa shanu: kafin hukuma ta iso aikin gama ya gama.

Bambancin a fili yake. A Amurka bindiga daga kanti take fitowa da rasiɗi, kuma hukuma mai ƙarfi ce aka ɗaure wa hannu. A yankinmu mallakar bindiga sai da izinin hukuma, makaman da ke kashe mutane kuwa ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, musamman bayan wargajewar Libiya a 2011, wasu kuma daga rumbunan gomnatoci ake ƙwato su ko a sato su. Amma tambayar ƙarshe guda ce. Kuma mun ga abin da ke biyo baya in jama'a ta fid da rai. A Zamfara ƴan sa-kai sun fara da niyyar kare ƙauyuka, sai ramuwar gayya ta shiga, kowane kisa ya haifi wani. A ƙasarmu, bayan kisan mutum 137 a yankin Tiliya ta jahar Tawa a watan Maris 2021, da sauran hare-hare na wannan shekara, ƙauyuka da dama sun nemi kare kansu. A watan Nuwamba 2021 mutum 69 na ƴan sintirin Banibangu, har da magajin garin, suka mutu cikin kwanton ɓauna. Ba wanda zai zargi mutumin da aka ƙona wa rumbu don ya nemi makami, sai dai makamin bai maye masa gurbin hukuma ba.

Mun kuma ga akasin haka da idonmu. A 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai. Ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa. Ran 25 ga Satumba 2000, a Agadas, aka ƙona makamai fiye da dubu a bainar jama'a. Waɗanda suka miƙa su ba ƙarfi aka fi su ba kawai. An yi musu alkawarin afuwa da aiki da matsayi cikin ƙasa, suka ga alamar cikawa, suka aje. Da wasu suka ga alkawari bai cika yadda suke so ba, a 2007 bindiga ta sake magana.

Darasin da nake so mu tashi da shi ke nan. Amurka ta bari har bindiga ta fi mutane yawa, ta zama tutar jam'iyya, yanzu ko masu rinjaye ba su iya tanƙwara ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aikacin da ke riƙe da littafin rumbun makamai, da ɗan duwan da ke bakin iyaka, da alƙalin da aka kawo wa mai fataucin harsashi, kowannensu na riƙe da wani yanki na amanar da nake magana. Ɗan kasuwar da ke loda mota ya san abin da ke ƙarƙashin buhunansa. Hukuma kuma, kowace iri ce, in tana so talaka ya aje makami, sai ta riga ɓarawo isa ƙauyensa, kuma in ta iso ta yi adalci tsakanin manomi da makiyayi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, na can da na nan, ya ba iyayensu haƙuri, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.